Yadda na hana naɗin talotalo da fiya yin baƙi kafin azahar

Naɗin talotalo da fiya a burodin shawarma abinci ne mai saurin haɗawa, shi ya sa nake yi wa Yaya ya tafi da shi shago a babbar kasuwar Katsina. Amma kafin azahar fiyar ta yi baƙi, burodin ya jiƙe sharkaf yana yagewa a hannu.

Iska ce ke baƙanta fiya da zarar an yanka ta, tsami kuwa yana rage saurin hakan. Yanzu ina dama ta da cokali, in matse rabin lemun tsami a kai nan take, in barbaɗa gishiri da ɗan yajin ƙuli. Har la'asar tana nan kore shar.

Jiƙewar kuma daga tumatir take. Sai na koma cire 'ya'yansa da ruwan cikinsa, in yanka tsokar kawai. Ganyen latas nake fara shimfiɗawa, bayan na tsane shi da kyau, don ya raba burodin da fiyar. Naman talotalon, wanda na dafa tun dare, nakan yayyaga shi siri-siri in ɗan soya ya bushe, in bari ya huce.

Burodin kuwa sai ya ji ɗumin kasko kafin ya naɗu ba tare da ya tsage ba. Bayan naɗi, in mayar da bakin kan kasko ya manne.

Da zafin bazara, a kula nake saka shi da ƙanƙara, domin dafaffen nama ba ya jure rana.