Yadda Ake Nemo Layin Tsakiya da Tsayin Alwatika da Lambobin x da y

Layuka biyu ne ɗalibai suka fi cakuɗawa a lissafin alwatika. Dukansu daga kusurwa suke tashi su sauka a gefen da ke fuskantarta, shi ya sa a zane suke kama da juna. Layin tsakiya, wato mediyan, yana sauka daidai tsakiyar gefen ne. Shi kuwa layin tsayi babu ruwansa da tsakiya, abin da ya dame shi kawai ya sauka a miƙe, ya yi digiri 90 da gefen. Tun da René Descartes na Faransa ya haɗa zane da aljebra a 1637, ba sai an ɗauko rula ba: lambobin kusurwoyi sun wadatar.

Mu ɗauki alwatika mai kusurwoyi A(1, 6), B(1, 1) da C(9, 5), mu ja layukan biyu daga A zuwa gefen BC.

Layin tsakiya ya fi sauƙi. Fara da nemo tsakiyar BC: tara x na B da na C ka raba biyu, haka ma y. (1 + 9)/2 = 5, (1 + 5)/2 = 3. Tsakiyar ita ce M(5, 3). Sai gangaren layin AM, wato bambancin y bisa bambancin x: (3 − 6)/(5 − 1) = −3/4. Saka shi a gurbin m cikin y − y₁ = m(x − x₁), lambobin A kuma a gurbin x₁ da y₁, ka samu y − 6 = −3/4(x − 1). Idan ka gyara, 3x + 4y = 27. Kada ka wuce sai ka gwada da M: 15 + 12 = 27, ya zauna. Tsawon AM kuma, daga bambancin x (4) da bambancin y (3): √(4² + 3²) = 5.

Yanzu tsayi, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Kada ka taɓa M. Na sha ganin ɗalibi ya nemo tsakiya da kyau, sannan ya ja tsayi ta cikinta, aikin duka ya lalace. Abin da kake buƙata gangaren BC ne: (5 − 1)/(9 − 1) = 1/2. Layuka biyu da suka haɗu a digiri 90, idan ka ninka gangarensu −1 za ka samu. Don haka kifar da 1/2 ya koma 2, sannan ka sauya masa alama ya zama −2. Aiki biyu ne, kifarwa da sauya alama, kuma masu gaggawa ɗaya suke yi su manta ɗayan. Layin ya bi ta A, saboda haka y − 6 = −2(x − 1), wato 2x + y = 8.

In ana son tsawon tsayin, sai an san inda ya sauka. Layin BC, da gangare 1/2 da lambobin B, shi ne x − 2y = −1. Saka y = 8 − 2x a ciki: x − 16 + 4x = −1, x = 3, y = 2. Ya sauka a D(3, 2), ba a M(5, 3) ba. Tsawon AD √(2² + 4²) = √20, kusan 4.47. Ka lura bai kai 5 ba, kuma haka ya kamata: tsayi ba ya taɓa fin layin tsakiyar da suka tashi daga kusurwa ɗaya tsawo.

Da gangan na sa A da B suka yi tarayya a x = 1. Gefen AB a tsaye yake cak, gangarensa ba ya lissaftuwa domin za a raba da sifili. Kada hankalinka ya tashi. Tsayin da zai sauka a kansa daga C a kwance yake, y = 5, tsawonsa 9 − 1 = 8.

Wannan ya ba mu gwajin da na fi so. Girman filin alwatika rabin gindi sau tsayi ne, ko wane gefe ka mai da gindi. Ta AB, mai tsawon 6 − 1 = 5: ½ × 5 × 8 = 20. Ta BC, mai tsawon √80: ½ × √80 × √20 = ½ × 40 = 20. Idan biyun suka saɓa, koma kan gangare ka duba alamar.