Yadda Ake Shirya Bincike Kan Masu Ƙuna a Sashen Gaggawa na Asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 a kowace shekara, kuma akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke. Duk wanda ya yi aiki a sashen gaggawa a Kaduna ya san yadda abin yake da zarar hunturu ya kama: yaran da ruwan wanka ya zubo wa, matan da risho ko tukunyar gas ta kama da su, da masu farfaɗiya da suka faɗa murhu. Ana yi musu magani iyakar iyawa, amma abin da ya same su yakan tsaya a fayil, ba ya zama ilimin da zai amfani na baya. Wannan bayani na matashin likita ne, ko nas, ko ɗalibin da yake son ya mayar da abin da yake gani kullum ya zama bincike mai inganci.

Mataki na farko shi ne a tsayar da tambaya guda ɗaya, ƙarama, wadda za a iya amsawa. "Matsalar ƙuna a Kaduna" ba tambaya ba ce. Tambaya ita ce irin wannan: a cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka kwantar saboda ƙuna, sa'a nawa suke yi kafin su iso asibiti, kuma waɗanda suka makara sun fi daɗewa a kan gado? Idan ba a iya faɗin tambayar cikin jumla ɗaya ba, to da sauran aiki.

Daga nan sai a zaɓi hanya. Ana iya komawa ɗakin ajiyar fayiloli a duba na shekarun baya, ana kuma iya bin kowane majinyaci tun daga ranar da ya shigo. Hanya ta farko ta fi araha, sai dai mai bincike yakan tarar ba a rubuta nauyin majinyaci ba, ko lokacin da ya ƙone, ko ma fayil ɗin ya ɓata gaba ɗaya. A ganina ta biyu ce ta cancanci wahalar, ko da wata 12 kawai za a yi, muddin watannin sun haɗa hunturu da bazara da damina. Gwajin da ake kwatanta magani da magani kuwa ba aikin mai farawa ba ne, domin yana buƙatar a yi masa rajista a rumbun gwaje-gwaje irin su PACTR, rumbun rajistar gwajin magunguna na Afirka, kuma in sabon magani ne sai da izinin NAFDAC.

Mataki na uku, neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ana yin sa ne kafin a rubuta bayanin ko da mutum ɗaya. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kowane yana da kwamitinsa, asibitocin jiha irin su Yusuf Ɗantsoho da Gwamna Awan kuwa ana bi ne ta Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna. Dukansu suna aiki da ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007, wadda ta ginu a kan Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin duniya na yin binciken lafiya a kan ɗan Adam. A sa ran za a yi makonni ana jira, saboda haka a miƙa takardu da wuri.

Mataki na huɗu shi ne yardar majinyaci, kuma a nan ya kamata a nutsu. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'o'in da suka biyo baya a kan batun izinin iyaye. Don haka idan uba ya ɗaure fuska da jin kalmar "bincike", yana da dalilinsa. Ƙa'ida ita ce magani ya riga takarda: a sa ƙarin ruwa, a ba da maganin raɗaɗi, a rufe ciwo, sannan bayan hankali ya kwanta a zauna da majinyaci ko waliyyinsa. A karanta masa takardar da harshen da yake ji, Hausa ce ko wani, a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, wanda bai iya rubutu ba kuma ya dangwala yatsa. Akwai maganar da dole a faɗa a fili: "Baba, ko kun amince ko ba ku amince ba, maganin da za a yi wa yaron nan ba zai canja ba." Mace baliga ita ke da yardar kanta, amma in ta ce sai ta shawarci maigida, a ba ta lokaci. Ɗaukar hoton ciwo yana buƙatar izini na daban, kuma bai halatta hoton ya zauna a wayar ma'aikaci ba, balle ya kai WhatsApp.

Mataki na biyar, wanda a kansa binciken yake tsayawa ko ya rushe, shi ne fam ɗin tattara bayanai da yadda ake awo. Fam ɗin kada ya wuce shafi ɗaya, domin nas ɗin da take aikin dare ita kaɗai ta iya cika shi. Fashewar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, da ta mahaɗar Dikko da ke kan hanyar Abuja zuwa Kaduna a Janairun 2025, sun nuna cewa akwai ranar da masu ƙuna za su zo da yawa a lokaci guda, kuma a irin wannan rana dogon fam ba ya cikuwa.

Abu na farko da za a rubuta shi ne lokacin da mutum ya ƙone, ba lokacin da ya iso ba. Dangi ba kasafai suke duba agogo ba a cikin ruɗewa, amma in aka tambaye su ko kafin azahar ne ko bayan la'asar, sukan tuna. Sai a auna nauyi da sikeli, kada a kintata. Sannan faɗin ƙunar: ga babba ana amfani da ƙa'idar tara-tara, inda kai yake kashi 9 cikin 100, kowane hannu 9, kowace ƙafa 18, gaban jiki 18, baya 18, al'aura 1. Wannan ƙa'ida ba ta dace da yara ba, saboda kansu ya fi girma in an gwada da jikinsu, don haka a yi musu da taswirar Lund da Browder ta 1944. Ƙananan ƙuna da suka warwatsu ana auna su da tafin hannun majinyacin kansa haɗe da yatsu, wanda yake kusan kashi 1. Fatar da ta yi ja kawai ba ta ɗuri ruwa ba, ba a sa ta a lissafi.

Dalilin wannan tsanani a bayyane yake a lissafin Parkland na yawan ƙarin ruwan da za a sa wa majinyaci, wato mililita 4 sau nauyi sau kason jikin da ya ƙone. Mutum mai kilo 60 da kashi 30 na jikinsa ya ƙone yana buƙatar mililita 7,200 cikin sa'a 24, rabi a sa'o'i 8 na farko da ake ƙirgawa daga lokacin ƙunar. Idan wani ma'aikaci ya rubuta kashi 40, lissafin ya koma 9,600. Kuskure ɗaya ya cutar da majinyaci, ya kuma gurɓata binciken. Maganin wannan shi ne a horar da duk masu awo tare kafin a fara, a riƙa sa mutum biyu su auna wasu majinyata kowa shi kaɗai a ga ko sun dace, a kuma sake duba zurfin ciwon bayan sa'a 48 zuwa 72, tunda ƙuna takan ƙara zurfi a kwanakin farko.

A tanadi gurbi na alamun shaƙar hayaƙi, kamar ƙonewar gashin hanci, dusashewar murya da baƙin majina, domin a ma'aunin Baux da aka gyara, wanda ake hasashen haɗarin mutuwa da shi, inda ake haɗa shekaru da kason ƙuna, shaƙar hayaƙi kaɗai maki 17 take ƙarawa. A kuma tambayi abin da aka sa wa ciwon a gida, ko ɗanyen ƙwai ne, ko manja, ko man goge baki, ko baƙin mai. A yi tambayar ba tare da faɗa ba, domin uwar da aka tsawata wa za ta ce ba ta sa komai ba. A rubuta ko an kwarara ruwa mai sanyi a kan ciwon na minti 20, wanda shi ne taimakon farko da aka tabbatar yana rage zurfin ƙuna.

Mataki na shida shi ne bibiya. Jinyar ƙuna tana da tsawo da tsada, ga wankin ciwo kullum, ga aikin dashen fata, shi ya sa wasu dangi sukan ɗauke majinyacinsu ba da shawarar likita ba. Idan aka cire waɗannan daga lissafi, sakamakon zai yi kyau a takarda amma ba gaskiya ba ne, domin mai yiwuwa a cikinsu akwai waɗanda suka fi jin jiki. A karɓi lambar waya biyu tun ranar farko, a kira bayan kwana 30, a rubuta ko mutum ya warke, ko ya rasu, ko gaɓa ta ɗaure, ko ba a same shi ba.

Bayanan a shigar da su kwamfuta duk mako da manhaja irin su KoboToolbox, kowane majinyaci da lamba maimakon suna, a kulle takardar sunayen a wani wuri daban kamar yadda dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta buƙata. Masanin ƙididdiga a nemo shi tun wajen tsara fam, ba bayan an gama ba. Wajen rubuta rahoto a bi jadawalin STROBE, wato jerin abubuwan da ya kamata rahoton irin wannan bincike ya ƙunsa, a faɗi adadin waɗanda aka rasa labarinsu, kuma kada a ce abu kaza ne ya haddasa kaza alhali an dai gan su tare. Kafin a aika wa mujalla, a fara gabatar da sakamakon ga ma'aikatan sashen da suka cika fam ɗin, sannan a miƙa taƙaitaccen bayani da Hausa ga Ma'aikatar Lafiya da gidajen rediyon Kaduna kafin hunturu mai zuwa.