Babi na 6: Zaɓen fizibil da wurin saka shi

Ƴan uwa, yau za mu buɗe akwatin wuta na injin niƙa, irin wanda ke da maɓalli kore na tayarwa da ja na tsayarwa. Kafin hannu ya shiga ciki, a kashe babban makunni, a taɓa wayoyin da abin gwajin wuta. Sai an tabbata babu wuta ake aiki.

Darasi na 1: Karanta allon taransifo

Cikin akwatin akwai ƙaramin taransifo, na'urar da ke rage ƙarfin wuta. Wuta tana shigar masa bolt 380, tana fita bolt 24, ita ce mai zuwa maɓallai da kwantakta, wato makunnin da ke haɗa wa injin wuta idan an danna kore. Fizibil, wanda wasu ke cewa fis, shi ne mai gadin waɗannan siraran wayoyi: idan wuta ta yi yawa, zaren cikinsa ya narke kafin waya ta ƙone.

Goge ƙurar allon da ɗan tsumma. Za ka ga lamba da haruffa biyu, VA, wato ƙarfin taransifon. Namu an rubuta 100 VA. Kwafe ta a littafinka. Wanda idonsa bai gani sosai ya matso, ba kunya a nan.

Darasi na 2: Lissafin

Nan ne ake tuntuɓe, don haka za mu daɗe.

Taransifo gefe biyu gare shi, gefen shiga da gefen fita. Kowane gefe da nasa lissafin. Ana raba lambar VA da bolt ɗin gefen da za a saka fizibil.

Gefen fita bolt 24 ne. To, 100 raba 24. Danna a kalkuletar wayarka ta hannu. Ya ba ka 4 da ƴar ɗoriya. Fizibil ɗinka na amper 4 ne, wanda aka rubuta 4 A a jikinsa.

Sake yi. Ɗora yatsa a kan wayar da za ka saka wa fizibil, ka tambayi kanka: wannan bolt nawa ce? 24. Da 24 za ka raba. Kar ka ɗaga yatsan sai ka gama. Madalla, haka ake yi.

Bara wani dattijo a ajinmu na Zango ya raba 100 da 380, ya sayo ɗan ƙaramin fizibil ya saka a gefen fita. Yana danna kore fizibil ɗin ya mutu. Ya canza har uku, ya ce mini, “Malam, kayan yanzu ba su da kirki.” Na ce, “Baba, kayan lafiya lau suke, gefe ka sauya.” Yanzu shi ke gyara wa sababbi lissafi.

Mu gwada da wani taransifo: 250 VA, fita bolt 24. Yatsa a kan waya. 250 raba 24, ya ba da 10 da ɗoriya, amper 10 ke nan. Wanda ya raba da 380 ya goge ya sake. Na faɗa sau uku, kuma har yanzu ina ganin 380 a littattafai biyu. Haba jama'a! Bolt ɗin gefen da yatsanka yake, shi kaɗai.

Gefen shiga kuwa, 100 raba 380 bai wuce rubu'in amper da kaɗan ba. Amma taransifo yana fizgar wuta da ƙarfi lokacin kunnawa, shi ya sa ake saka amper 1 mai haƙuri, wato mai jure wannan fizgar, mai rubutun aM da kore. Na gefen fita gG ne, rubutunsa baƙi. In ka je Kasuwar Dole, tafi da tsohon fizibil ɗin a aljihu, ka ce mai girman milimita 10 da 38 kake so idan shi ne naka, ka karanta jikinsa da kanka kafin ka biya.

Darasi na 3: Wurin sakawa

A gefen shiga wayoyin biyu duk masu wuta ne, kowacce a ba ta nata fizibil. A gefen fita ɗaya ya isa, a kan wayar da ba a haɗa da ƙasa ba, dab da taransifo, kafin jan maɓallin tsayarwa. Wayar ƙasa, mai ruwan ɗorawa da kore, ba a saka mata fizibil har abada.

Darasi na 4: Kaurin waya

Waya mai lambar kauri 1,5 kar fizibil ɗinta ya wuce amper 10.

Darasi na 5: Idan fizibil ya mutu

A nemi dalili tukuna: waya da ta goge, ko ƙurar gari a kwantakta. Masu naɗa zaren waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa, na gaji da magana, ku daina. A mayar da irin wanda aka cire, lamba ɗaya, haruffa ɗaya.