Wa'adin tsare mutum kafin a gurfanar da shi, da abin da iyali za su yi

Idan 'yan sanda suka kama ɗan'uwanku, ku fara rubuta rana da lokacin kamun da sunan ofishin da aka kai shi. Duk lissafin wa'adi daga nan yake tashi, kuma lauya ba zai iya muku komai ba idan babu wannan.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. Idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Kotu ce ke da ikon ƙara lokaci, ba DPO ba. Wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. A sauran laifuka, ku nemi belin 'yan sanda a rubuce, ku ajiye kwafi. Beli kyauta ne, kuma doka ta hana a kama wani a madadin wani ko a tsare mutum kan bashi kawai.

Inda mutane suka fi maƙalewa shi ne umarnin ajiya, wato umarnin kotu na a ci gaba da tsare mutum kafin a fara shari'arsa. 'Yan sanda kan kai wanda ake zargi da fashi da makami ko kisan kai gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron shari'ar, sai a tura shi gidan gyaran hali ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, a sashe na 296, ta ɗaure wannan: kwana 14 da farko, ƙarin 14 idan an kawo dalili a rubuce, sannan kotu ta kira hukumar 'yan sanda da Antoni Janar su bayyana cikin kwana 14 abin da zai hana a sake shi. Idan hujjarsu ta karɓu, sai 14 na ƙarshe. In ba haka ba, sakinsa wajibi ne. Jimilla kwana 56 ke nan.

Abin da ke lalata tsarin yawanci shi ne fayil ya kwanta a ofis, ranar dawowa kotu ta wuce babu wanda ya tuna. Saboda haka ku karɓi lambar ƙara da kwafin umarnin daga rajistaran kotu, ku halarci kowane zama. Majistaren da ya ba da umarnin yana iya ba da beli a laifin da yake da iko a kai. Manyan laifuka sai Babbar Kotu.

ACJA ta Abuja da kotunan tarayya ce. Kano da Kaduna da sauran jihohi suna da tasu dokar, kuma adadin kwanakin na iya bambanta, don haka lauya ya duba ta jiharku. Dokar yaƙi da ta'addanci ma tana da nata wa'adin mai tsawo.

Idan wa'adi ya cika ba a gurfanar ba, a shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan'adam a Babbar Kotu, a nemi saki da diyya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke babban birnin jiharsa.