Kafin ka fita daga gareji, duba notin tayarka da idonka

Jama'a akwai abin da ke damuna game da yadda ake ɗaura taya a garejinmu, a nan arewacin Kamaru tun daga Garwa har Marwa har Kuseri duk abin ɗaya ne. Ka kai mota a canja maka birki ko a yi maka faci, maigidan gareji zai yi babban aikin da hannunsa, in an zo mayar da taya sai ya ce wa ƙaramin yaro kai ɗaura mu je, shi kuma ya juya kan wata motar. Wallahi wannan aikin da aka raina shi ne ke riƙe da ranka da na iyalinka, noti 4 ko 5 ko 6 ne kawai tsakanin tayar da motar.

Ba wai ina zagin makanikai bane, akwai masu tsoron Allah a cikinsu da yawa, amma aiki ya yi musu yawa, waya na ta ƙara, wani na jiran tasa motar, sai a sauke jak noti biyu da hannu kawai aka murɗa su kowa yana zaton ɗan uwansa ya ƙarasa. Saboda haka kai mai mota ka tsaya a wurin, kar ka tafi shan shayi a daidai lokacin.

Tun kafin a ɗora tayar ka sa a goge fuskar ƙarfen da rim ɗin zai zauna a kai, da bayan rim ɗin shi ma. Ƙurar hunturu da laka na damina da tsatsa suna taruwa a nan, in aka ɗaura a kansu noti zai yi kamar ya kama tam, amma kana fara tafiya dattin ya murƙushe ya zube, sai a samu ɗan fili, daga nan kwancewa ta fara. Kuma dan Allah kar ka yarda a shafa giris ko baƙin mai a zaren notin, wasu suna yi wai don ya yi sauƙin kwancewa gaba, amma awon da kamfani ya bayar na busasshen zare ne, da mai a jiki ƙarfen zai ja fiye da kima ba tare da an sani ba.

Sannan kowane noti a fara shi da yatsa, ya shiga zagaye uku huɗu salin alin. In ya cije tun farko to ya hau a karkace ne, a fito da shi a sake, kar a danna shi da ƙarfi zaren ya cinye. Idan duk sun shiga sai a ɗan matse su motar na kan jak, amma ba bi da bi a zagaye ba, a tsallake ake yi, ka matse wannan ka haye na gabansa can ɗaya gefen kamar kana zana tauraro, haka ne rim ke zama daidai a tsakiya. Matsewar ƙarshe sai an sauke mota taya ta taɓa ƙasa.

To nan ne inda aka fi yin ɓarna. Mutanenmu sun ɗauka ƙarfi shi ne ɗauri, za ka ga an zura dogon bututu a sufana yaro ya hau yana tsalle har sai notin ya yi ƙara. Mu yi lissafi. Ƙananan motoci yawanci tsakanin Nm (awon ƙarfin matse noti) 100 zuwa 120 suke so, Corolla misali 103 ne, wato kamar nauyin kilo 10 a ƙarshen sanda mai mita 1, ko wajen kilo 35 in sufanar santimita 30 ce. Yanzu mutum mai kilo 70 ya tsaya a ƙarshen bututu mai mita 1, ya ba notin kusan Nm 700 kenan, wajen ninki 7, wannan ya wuce ma ɗaurin tirela da ke wajen 600. Ƙarfen da notin ke hawa miƙewa zai yi ya rasa ƙarfinsa, ba ranar zai karye ba, sai wata rana ka faɗa rami da kaya a mota ya tsinke, in ɗaya ya tafi sauran suka ɗauki nauyinsa su ma sai su bi. Bindigar iska ta ɗaura noti ma haka take in an barta tana ta bugu. Ga kuma wahalar da za ka sha in taya ta fashe maka a daji tsakanin Mora da Dabanga kai kaɗai, sufanarka ta kasa motsa ko ɗaya.

Abin da ya dace shi ne sufana mai awo, wadda ake saita lamba in ta kai sai ta yi ƙas. Lambar motarka tana cikin littafinta, in babu littafin ka duba a intanet da sunan motar da shekararta. In garejin ba su da ita, ka karɓi sufanar motarka ka matse da ƙarfin hannu sosai ba tare da bututu ba, ba tare da hawa da ƙafa ba. Ni a ganina duk mai Hiace ko Hilux da ke bin dogon hanya ya kamata ya sayi tasa ya ajiye.

Ka lura da irin notin ma. Wani bakinsa tsini ne, wani shafaffe ne mai wosha, na rim ɗin alminiyam sau da yawa daban yake da na baƙin ƙarfe, in aka tsinto wani a ƙasan gareji aka cike gurbi ba zai zauna daidai ba ko da ya shiga. Masu manyan motocin Japan irin su Isuzu da Fuso kuma ku sani wasunsu notin gefen hagu baibai ake ɗaura shi, za ka ga an buga L a kai. Kuma kar ka yarda da maganar wai huɗu sun isa tunda ɗaya ne ya karye, a canja shi nan take, kuɗinsa kaɗan ne.

Bayan ka fita aikin bai ƙare ba. Ka yi kilomita 50 zuwa 100 ka tsaya ka sake bin notin duka, saboda rim yana ƙara zama bayan an ɗan yi tafiya, balle a hanyarmu mai ramuka da gargada. In daga Garwa ka nufi Marwa to ka yi a Figil, in Ngaundere za ka ka tsaya a Ngong, kar ka kuskura ka tunkari hawan falez, tudun nan na kafin Ngaundere, da tayar da aka taɓa jiya baka sake dubawa ba. Minti 5 ne.

In kana tafiya ka ji ƙwas ƙwas da ke ƙaruwa da gudu, ko sitiyari na rawa, ko motar na lilo, kar ka ce bari in kai gari. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari da hannu biyu, taka birki a hankali ka gangara gefe. Duba ko akwai layin tsatsa da ya zubo daga wani noti, ko garin ƙarfe mai sheƙi a kewayensa. In ramin rim ɗin ya riga ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai to matsewa ba za ta yi magani ba, sa safaya, rim ɗin nan kuma kar ya sake komawa jikin motar.