Yadda ake shirya ziyarar kwana biyar a karkarar Dordogne ta Faransa

Duk wanda ya nemi shawarata kan zuwa Dordogne, abu ɗaya nake fara faɗa masa: ka san ranar da za ka shiga kogo kafin ka tsayar da ranar komai. Masauki, mota da jirgin ƙasa duk a bayan wannan suke. Dordogne yanki ne na karkara a kudu maso yammacin Faransa, babban birninsa Périgueux, amma inda abin kallo ya taru shi ne ɓangaren da ake kira Périgord Noir, tsakanin kogin Vézère da kogin Dordogne. A tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, za ka tashi daga gaban zanen da mutane suka yi a bangon dutse kimanin shekara 17,000 da suka wuce, ka isa gindin fadar da Faransa da Ingila suka zubar da jini a kanta. Wuri ne da ba ya son gaggawa. Kwana biyar sun isa in an tsara su, kwana biyu kuwa wahalar da kai ne kawai.

Mataki na 1: Zaɓi wata, ka nemi biza

Mayu, Yuni da Satumba su ne watannin zuwa. A Yuli da Agusta Faransawa na hutun ƙarshen zango, ƙauyukan sukan cika maƙil, kuɗin ɗaki ya haura, wurin ajiye mota ya zama abin nema. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma wurare da dama a rufe suke. Bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ake nema, kuma za a tambaye ka shaidar masauki da inshorar lafiya, don haka ka kama ɗakin da za a iya soke shi ba tare da asara ba, har sai ranakunka sun tabbata.

Mataki na 2: Kama tikitin kogwanni

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, don haka bari in ɗan tsaya.

Kogon Lascaux, wanda ake furta shi "Lasko", yana kusa da garin Montignac. Samari huɗu ne suka faɗa a kansa ranar 12 ga Satumba, 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. An buɗe shi ga jama'a a 1948, mutane suka yi ta tururuwa, har numfashinsu da zafin jikinsu suka fara ɓata zanen, gansakuka ta soma bin bango. A 1963 gwamnati ta rufe shi, kuma har yau a rufe yake. Abin da za ka shiga shi ne Lascaux IV, kwafin kogon da aka buɗe a Disambar 2016 a gindin tudun da na asalin yake. Kada kalmar kwafi ta sanyaya maka gwiwa. An bi kowane lungu da kowane tudun bango, an yi amfani da irin launukan da mutanen farko suka yi aiki da su, wato jar ƙasa, rawayar ƙasa da baƙin ma'adini, an kuma sanyaya wurin kamar kogon gaske. A zauren bijimai akwai sa ɗaya da tsawonsa ya haura mita 5. Da na ɗaga kai na gan shi, abin da ya faɗo mini a rai shi ne raƙumin dawan Dabous da aka sassaƙa a dutse a arewacin Agadas, wanda shi ma ya haura mita 5. Wanda ya taɓa tsayawa gaban zanen shanun Birnin Kudu zai gane wannan shirun da kan sauko wa mutum.

Amma in so samu ne, ka haɗa da Font-de-Gaume a Les Eyzies. Shi na asali ne, yana cikin 'yan kogwannin da suka rage a Turai da ake barin mutum ya ga zane mai launuka da idonsa, a inda aka yi shi. Saboda abin da ya sami Lascaux, ba a barin ko mutum ɗari su shiga a rana, kuma rukuni-rukuni ake shiga, kowane bai wuce mutum goma sha 'yan kai ba. Tikitinsa kan ƙare da wuri. Ka duba shafin intanet na hukumar kula da wuraren tarihi ta Faransa makonni kafin tafiya, ranar da ka samu a nan ita ce za ka gina sauran kwanakin a kanta. Ka kuma lura da harshen rangadin: yawanci da Faransanci ne, na Ingilishi kaɗan ne. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru sun huta a nan.

Mataki na 3: Hanya da masauki

Daga tashar Montparnasse a Paris, jirgin ƙasa mai gudu na TGV zai kai ka Bordeaux cikin awa biyu da 'yan mintoci. Daga can akwai ƙaramin jirgi da ke bi ta Bergerac zuwa Sarlat, kusan awa biyu da rabi. Sai dai motocin haya tsakanin ƙauyuka ba su da yawa, saboda haka ka ɗauki hayar mota tun daga Bordeaux. Ta hannun dama ake tuƙi kamar a gida, mafi yawan motocin masu giya ne, kuma in ka shiga gari gudu ba ya wuce kilomita 50 a awa. Hanyoyin ƙauye siraru ne, masu lanƙwasa.

Ka zauna wuri ɗaya, kada ka riƙa ɗaure kaya kullum. Sarlat ce tsakiya: Les Eyzies na da nisan kusan kilomita 20, Montignac kusan 25, Beynac kuwa bai kai 15 ba. In da iyali za ka je, nemi abin da suke kira gîte, gidan ƙauye da ake bayarwa haya da kicin ɗinsa. Za ka ga amfaninsa idan muka zo maganar abinci.

Mataki na 4: Ba kwarin Vézère kwana biyu

UNESCO ta sa wuraren tarihin wannan kwari cikin kayan gadon duniya tun 1979. Fara da gidan tarihin Les Eyzies, wanda aka gina a jikin dutse, don idonka ya saba da kayan aikin mutanen da: wuƙaƙen dutsen ƙanƙara, allurar ƙashi, masu na ƙaho. A garin nan ne a 1868 masu aikin hanya suka tono ƙasusuwan mutanen da, a wani ɗan lungun dutse mai suna Cro-Magnon.

Sannan ka shiga Font-de-Gaume. Ka tafi da rigar sanyi ko da a Yuni ne, domin cikin kogo bai wuce digiri 13 ba, ka sa takalmin da ba ya santsi, ka kuma ajiye waya, ba a ɗaukar hoto. Hanyar ƙunci ce, wani wurin sai ka karkata kafaɗa. Da farko ba za ka ga komai ba sai dutse. Sai jagoran ya kawo fitilarsa ta gefe, ya ɗan motsa ta, kawai ka ga ɓauna ta fito daga bango. Wanda ya zana ta ya ga kumburin dutsen ne, ya mai da shi tozonta da cikinta. Akwai kuma barewa biyu, namijin ya sunkuya yana lasar goshin macen da ta durƙusa. Mutumin da ya yi wannan da fitilar kitse a hannu ya yi shi, kuma ya daɗe yana kallon dabbobin nan kafin ya sa hannu. Ni wannan ɗan zanen ya fi zama mini a rai fiye da manyan bijiman Lascaux.

Rana ta biyu ka yi Lascaux IV da safe. Da yamma ka zaɓi ɗaya: Rouffignac, inda ƙaramin jirgin lantarki ke shiga da mutane can cikin ƙasa su ga zanen giwaye masu gashi fiye da 150, ko La Roque Saint-Christophe, doguwar katangar dutse mai tsawon kusan kilomita ɗaya da mutane suka yi ta zama a rataye cikinta har zuwa ƙarni na 16. In da yara, Rouffignac ya fi. Kada ka haɗa kogo uku a yini ɗaya, ido kan gaji, na ukun zai zame maka dutse kawai.

Mataki na 5: Sauko kogin Dordogne

Hanya mafi daɗi ta ganin tsofaffin fadojin yankin ita ce daga kan ruwa. A Vitrac ko Cénac ana ba da hayar kwalekwale da rigar ruwa, ka gangaro da kanka har Beynac, masu kwalekwalen su mai da kai wurin motarka. Sharaɗinsu shi ne ka iya iyo. Wanda bai iya ba ya hau gabarre a La Roque-Gageac, kwatankwacin jiragen katakon da a da suke kai itace da sauran kaya Bordeaux, zagayen kusan awa ɗaya ne.

Daga kan ruwa za ka ga fadar Castelnaud a hagu, ta Beynac a dama, suna harare da juna. A Yaƙin Shekara Ɗari, daga 1337 zuwa 1453, kogin nan ya sha zama iyaka: Beynac na hannun Faransa, Castelnaud ya fi zama a hannun magoya bayan Ingila. Kafin haka ma, a ƙarshen ƙarni na 12, Beynac ya shiga hannun sarkin Ingila Richard, wanda ya gwabza da Salahuddin Ayyubi. Hawan Beynac da ƙafa ba wasa ba ne, dutsen ya kai mita 150 sama da ruwa, tsofaffi su bi ta hanyar mota. A Castelnaud akwai gidan tarihin makamai da manyan majaujawar yaƙi da ake jifan ganuwa da su.

In lokaci ya rage, Domme na kan tudu, garin da aka kafa a 1281, daga bakinsa ana hango kwarin gaba ɗaya. Akwai kuma fadar Milandes, gidan Josephine Baker, baƙar fatar Amurka da ta taimaki masu turjiya ga mamayar Jamus, ta raini yara 12 daga ƙasashe daban-daban a wannan gida, kuma a 2021 Faransa ta karrama ta a Panthéon, ginin tunawa da gwarazan ƙasar da ke Paris.

Mataki na 6: Tsara ci da salla

Gidajen abinci a karkarar Faransa sukan ba da abincin rana daga ƙarfe 12 zuwa 2, su rufe, sai bayan 7 na yamma. Wanda ya makara sai burodi. Abincin yankin agwagwa ce da dinya, har dankali ma da kitsen agwagwa ake soya shi, kuma ba yankan Musulmi ba ne. Ana yawan barbaɗa naman alade a salak, ana kuma zuba giya a miya. Ka riƙe kalmomi biyu, "sans porc" da "sans alcool", wato ban da alade, ban da giya, ka faɗe su kafin ka zaɓi komai. Kifi, wainar ƙwai da cukuin akuya su ne mafita.

Ranar Asabar ka sammaka kasuwar Sarlat, cikin tsohon garin mai gine-ginen dutse ruwan zuma, wanda aka gyara bayan dokar kare tsofaffin unguwanni ta 1962. Ka ce "bonjour" kafin ka taɓa kaya ko ka tambayi kuɗi, a can shiga ba gaisuwa rashin kunya ne kamar yadda yake a wurinmu. Sayi ganye, ƙwai, zuma da noix, wata ƙwayar itace mai taurin ɓawo da yankin ya shahara da ita, ka koma gîte ka ɗora tukunyarka. Yaji ka iya zuwa da shi daga gida, amma kilishi da dambun nama a bar su, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama a jakar matafiyi.

An fi samun masallaci a manyan garuruwa irin Périgueux da Bordeaux, don haka darduma ta zauna a mota. Alƙibla gabas ce da ta ɗan karkata kudu. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 da rabi na dare, Isha'i ta yi nisa, Asuba ta matso, ka yi lissafin barcinka da haka.

Mataki na 7: Ranar ƙarshe, ƙetara zuwa Lot

Kusan awa ɗaya gabas da Sarlat, a yankin Lot, akwai Rocamadour, garin ziyarar Kirista da ya manne a jikin dutse hawa-hawa. Gaba kaɗan kuma sai ramin Padirac, wani buɗaɗɗen baki a tsakiyar fili mai zurfin mita 75, wanda Édouard-Alfred Martel ya fara sauka ya bincika a 1889. Yau da lif ko matakala ake sauka har mita 103 ƙarƙashin ƙasa, a hau kwalekwale a kan wani kogi da rana ba ta taɓa haska shi ba. Shi ma tikitinsa ta intanet ake kamawa, da awa a jiki, kuma ka riƙe rigar ruwan sama, domin rufin kogon ɗiga yake yi. Ka zaɓi shigar safe, ka bar Rocamadour zuwa la'asar lokacin da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suka fara watsewa, ka sha mai a hanya tun da rana, saboda gidajen man ƙauye da dare sai da katin banki.