Shevchenko, ɗan baduku: kurakuran da ake yi kan sunayen zuri'a na Yukren

Tun 2004, da Andriy Shevchenko ya lashe Ballon d'Or yana AC Milan, nake jin masu kallon ƙwallo suna cewa ai jikan Taras Shevchenko ne, mawaƙin da aka haifa a 1814 ya rasu a 1861. Taras ko aure bai yi ba. Abin da ya haɗa su sunan sana'a ne. A harshen Yukren "shvets" shi ne baduku mai ɗinka takalma, ɗafin "-enko" kuma yana nufin ɗan wane. Shevchenko ke nan, ɗan baduku. Da yake kowane ƙauye na da badukunsa, gidaje da yawa sun sami sunan ba tare da jini ya haɗa su ba. Haka Kovalenko ɗan maƙeri, Tkachenko ɗan masaƙi, Kravchenko ɗan tela. Kafin ka ce wane ɗan'uwan wane ne, fara tambayar garin da suka fito.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar sunan ƙarshe a matsayin sunan uba, yadda muka saba. Su suna uku gare su, kuma na uba a tsakiya yake. Cikakken sunan ɗan ƙwallon Andriy Mykolayovych Shevchenko, wato mahaifinsa Mykola. Idan mace ce, sai na tsakiyar ya ƙare da "-ivna", kamar Yulia Volodymyrivna Tymoshenko, tsohuwar firaministar Yukren. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da suna haɗe da na uba ake kiran malami ko babba cikin ladabi. Ɗalibin da ya kira malaminsa da sunan zuri'a tsura ya yi rashin ɗa'a bai sani ba.

Wajen mata ma ana tuntuɓe. Zelensky kan koma Zelenska, shi ya sa ake cewa Olena Zelenska, matar Volodymyr Zelensky. Amma "-enko" ba ya sauyawa, kada ka rubuta Tymoshenka.

Wasu kuma da sun ji sunan sai su ce na Rasha ne. Na Rashawa sun fi ƙarewa da "-ov" ko "-in". Shi "-enko" ya fi yawa a tsakiya da gabashin Yukren, a yamma kuwa "-uk" da "-chuk" aka fi ji. Leonid Kravchuk, shugaban ƙasa na farko a 1991, ɗan tela ne a suna, daidai da Kravchenko. Duk da haka suna ba ya yanke wa mutum ƙasa: Lukashenko na Belarus ne, Chernenko, tsohon shugaban Tarayyar Soviet, a Saiberiya aka haife shi.

Ba kuma kowane suna ne ke nuna uba ko sana'a ba. Mayaƙan Kosak, jaruman Yukren na dā, sun bar laƙabobi da suka zama sunan gida har yau. Maksym Kryvonis, kwamandan Kosak a tawayen da suka yi wa Poland a 1648, ma'anar sunansa karkataccen hanci.